Wuƙar Daji: A Fara da Ƙota

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

Muna gaida mutanen cikin garin Diffa, da na Shetimari da Geskeru da Tumur da Bosso, da na Maine-Sorowa da Gudumariya, har zuwa Ngigmi da Ngurti. Muna miƙa gaisuwa ƙetaren kogi, ga ƴan'uwanmu na Damasak da Gaidam. Gaisuwa ta musamman ga wanda yanzu haka yake cikin bukka a bakin garka yana gadin tattasai, da makiyayin da ya rataya rediyo a kafaɗa, da masuncin da ke iza wutar banda. Shirin yau naku ne. Za mu yi magana a kan babbar wuƙa da adda, abokan tafiyar duk mai kwana a daji, da yadda mutum zai zaɓi wadda hannunsa zai iya da ita.

In ka tsaya ranar kasuwa a rumfar maƙera, ko wurin masu baza kayan ƙarfe a tabarma, za ka ga kusan kowa hanya ɗaya yake bi. Mai saye zai ɗauki wuƙa, ya shafa bakinta da babban yatsa ya ji kaifi, ya ƙyasta ta da farce ya saurari ƙararta, ya juya ta ya duba tambari. Daga nan sai ciniki, ko da sefa ko da naira. Ƙotar kuwa, da ƙyar ake yi mata riƙon kirki sau ɗaya kafin a biya kuɗi. Alhali kaifi abu ne da dutsen washi yake dawo da shi cikin ɗan lokaci. Amma ƙotar da ta fi ƙarfin hannunka, ko ta yi masa kaɗan, da ita za ka yi ta fama kullum, har ranar da ka gaji ka jefar da wuƙar, ko ita ta ji maka ciwo. Roƙona a wannan shiri shi ne mu juya tsarin: a fara gwada ƙota, sannan a duba ƙarfe.

Maganar ta shafe mu sosai saboda irin aikin da ke ƙasar nan. Ruwan Komadugu yana tasowa ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, ya iso mana da damina, ya bi iyaka har ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Bosso. Bakinsa duk garake ne, tattasai da albasa da shinkafa da masara. Garka ba ta zama sai da shinge, shinge kuwa ƙaya ce, ƙaya kuma sai an sare ta an jawo ta. Masunci yana farke tarwaɗa da karfasa tun hantsi har rana ta take, hannunsa jiƙe da yauƙi. Makiyayi yana sassabo wa awaki reshe da rani, ranar suna ko ranar baƙo ya yanka ya feɗe. A kwarurrukan Gudumariya da Maine ana yankan kaba. Ga kuma itacen nan mai muguwar ƙaya da masana ke kira Prosopis, ɗan asalin nahiyar Amurka. A 1977 aka dasa shi a yankin tafki don ya tsare rairayi, a filin da bai wuce hekta 10 ba. Dabbobi suka ci ƴaƴansa suka baza irin, ba a cika shekara 30 ba aka ƙiyasta ya rufe wajen hekta 300,000. Wanda ya taɓa buɗe hanya a cikinsa wajen Ngigmi ko Bosso ya san abin da ake kira aikin adda.

Sannan tun watan Fabrairu na 2015, da aka kai hari Bosso da Diffa, dubban iyalai suka bar garuruwansu suka yi zango gefen kwalta, wasu a sansanin Sayam Forage. Wanda ya rasa gida, da adda yake fara kafa wani: ya saro dirka, ya gyara zana, ya nemo itacen girki. Ta haka addar da a da magidanci ne ke riƙe ta ta koma hannun mata da ƴan mata da yara samari, kuma ba na minti biyar ba, na yini guda.

To bari mu duba hannun kansa. Dunƙule hannunka na dama da ƙarfi, ka ɗora na hagu a kan naman da ke ƙasa da gwiwar hannu. Ka ji ya ɗaure? Nan ne ƙarfin riƙo yake. Dogayen jijiyoyi ne suka taso daga wannan naman, suka ratsa ta wuyan hannu, suka je suka kama gaɓoɓin yatsu, kuma su ne ke jan yatsun in ka damƙi abu. Idan ƙota ta cika siriri, yatsu sai sun naɗe fiye da kima, farce ya riƙa nutsewa cikin tafi, ita kuma tana ta juyawa, kai kana ƙara matsewa don ta tsaya. Idan ta cika kauri, yatsu ba sa zagaye ta, kawunansu kaɗai ke riƙe, babban yatsa ba ya samun abin da zai kulle, nan ma dole ka ƙara matsewa. Ko ta wane gefe, naman nan yana aikin da ya fi nasa. Da hantsi ba za ka ji komai ba. Bayan azahar gwiwar hannu ta fara zafi, yatsu su fara tsami, riƙo ya sassauta ba ka sani ba. A irin wannan lokaci ne adda ke gocewa daga reshe ta sauka a ƙwauri, ko a hannun hagu da ke riƙe da itace. Sai a ce tsautsayi ne. Tsautsayi gaskiya ne, amma mu ma akwai abin da yake hannunmu.

Ga yadda za ka gwada, ba sai da awo ba. Riƙe ƙotar kamar za ka yi sara, ba riƙon ciniki ba. Dubi yatsanka na tsakiya da na kusa da ƙarami. Kawunansu su zo dab da tudun naman da ke gindin babban yatsa, su ɗan taɓa shi ko su rage kaɗan. In sun nutse ciki har farce na huda ka, ta yi maka siriri. In akwai filin da wani yatsa zai shige tsakani, ta yi maka kauri. Sai tsawo. Duk yatsunka huɗu su zauna a kan ƙota, ya rage aƙalla faɗin yatsa ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Ka kula da ƙaramin yatsa musamman. Mutane suna raina shi, alhali shi da maƙwabcinsa su ne ke hana adda fita daga hannu in an kai sara. Ƙotar da ta bar ƙaramin yatsa yana lilo a iska ba taka ba ce, ko da kyauta aka ba ka. Haka kuma wadda ƙarshenta ya ƙare a tsakiyar tafi, za ta yi ta sukar ka a wuri ɗaya har ta yi maka bororo.

Masu binciken lafiyar ma'aikata sun sa wa wannan magana lamba. Hukumar da ke kula da haka a Amurka ta fitar da ɗan littafin zaɓen kayan aikin hannu a 2004, inda ta nuna cewa kayan da ake damƙa da dukan hannu, kaurin mariƙinsu ya kasance tsakanin santimita 3 da 5, tsawonsa kuma ya wuce faɗin tafi, wato daga santimita 10 zuwa 15. Ku lura da tazarar da ke tsakanin 3 da 5. Ko su ba su ce ga awo ɗaya na kowa ba, don hannun mai jan injin ban ruwa da na yarinya ƴar shekara 15 ba ɗaya ba ne. Wuƙa da adda sun fi zama a ɓangaren ƙasa na wannan awo, wajen 3 zuwa 4. Amma ni a ganina, hannunka ya fi kowace lamba gaskiya.

Bayan kauri da tsawo sai siffa. Ƙotar da aka fafe ta zagaye sumul kamar muciya tana juyawa a hannu, kuma cikin duhu ba za ka san ina baki ya fuskanta ba. Mai kusurwa huɗu kuma tana cin tafi. Wadda ta fi ita ce mai siffar ƙwai, ta ɗan yi faɗi daga baya zuwa baki, ta matse ta gefe da gefe. Da ka ɗauka, ko ido a rufe, hannu ya san inda kaifi yake. Tsakiyarta ta ɗan yi ciki don ta cika tafi. Gindinta ya buɗe, ko ya ɗan lanƙwasa ƙasa, don in gumi ya zo adda ta tarar da abin da zai tare ta. Wuƙar fiɗa da ta farke kifi kuwa, haɗarinta ta gaba yake: in tsini ya ci karo da ƙashi, hannu ne ke zamewa ya hau kan kaifi. Ita tana son kafaɗa, wato ɗan tudu tsakanin ƙota da ruwan wuƙa, inda manuni zai tokare. Masunta da mahauta, wannan taku ce, kada ku sayi wadda ba ta da shi.

Akwai wuƙaƙen kanti masu ramukan yatsu a jikin ƙota, suna da kyan gani. Ku yi hattara da su. An yi ramukan ne da awon hannun wani. In naka bai faɗa daidai ba, a kan tudun da ke tsakanin ramuka yatsunka za su zauna yini guda.

[Ɗan kiɗa]

Masu saurare, har yanzu kuna tare da shirin faɗakarwa, muna magana a kan zaɓen wuƙar daji.

Mu a nan muna da gatan da mai saye a kanti ba shi da shi: maƙeri yana kusa, kuma yana jin magana. Yawancin wuƙaƙe da addunan gida daga ƙarfen sifirin na tsohuwar mota ake ƙera su, ƙarfe ne mai kyau in maƙerin ya iya wuta. Maimakon ka ɗauki wadda aka riga aka gama, je ka zauna. Ka ce, "Sannu da aiki, Baba. Wuƙar daji nake so, amma ina roƙon a auna ƙotar da hannuna." Zai tambaye ka, "Wane aiki za ka yi da ita, ɗana?" Faɗa masa gaskiya: ƙaya ce, ko kifi, ko fiɗa, ko kaba. Zai ɗauko guntun itace ya sassaƙe shi da gizago. A nan ka roƙe shi ya bar shi da ɗan kauri, don ragi yana yiwuwa, ƙari ba ya yiwuwa. Sai ka shafa garin gawayi a tafinka da yatsunka, gawayi kuwa ba a rasa shi a maƙera, ka damƙi itacen da ƙarfi, ka saki. Inda baƙi ya fito sosai, nan ne itacen ke tokare ka. Maƙeri ya bi wurin da magagari, ka sake shafawa, ka sake damƙa. Za ka ga baƙin yana ta bazuwa, har ya zama ya kama ko'ina daidai wa daida. To a lokacin ƙota ta zauna. A ƙarshe a kankare ta da ɓallin kwalba ta yi laushi, amma kada a goge ta har ta riƙa ƙyalli, don santsi ba abokin gumi ba ne. In ya nemi ƙarin ƴan kuɗi saboda lokacinsa, ba shi da daɗin rai. Hakkinsa ne, kuma araha ba ta ado.

Itacen kuma a tabbata busasshe ne. Ɗanyen itace yana kama ƙarfe ranar farko, bayan wata guda ya bushe ya saki. Aduwa tana da kyau, haka magarya da kanya da bagaruwa, da ƙirya in an samu. Shi kansa Prosopis ɗin da ya dame mu, jan cikinsa in ya bushe yana da tauri, kuma ba ya yawan motsi tsakanin damina da rani, don haka yana yin ƙota mai kyau. A duba kada a sa mai gaɓa ko tsaga a inda ƙarfe zai shiga.

Shigar ƙarfen cikin ƙota ita ce inda ake yawan cutar mai saye, don ido ba ya ganin ciki. Hanya biyu ce. Akwai wadda ƙarfen ya tafi da faɗinsa har gindi, aka ɗora itace gefe da gefe aka buga ƙusoshi. Ga aikin sara ita ta fi ƙarfi. A nan ka shafa yatsa a kan ƙusoshin da gefen ƙarfen. In wani abu ya ɗago ko kaɗan, shi zai ci maka hannu, sai a bi shi da magagari. Akwai kuma mai siririyar wutsiya, wadda maƙeri ke gasawa ta yi ja ya cusa cikin itace, hayaƙi ya tashi. Aiki ne mai sauri, amma in an bar wuta ita kaɗai ta huda ramin, cikinsa gawayi ne, gawayi kuwa marmashewa yake. Gara a fara huda ƙaramin rami, wuta ta ƙarasa kaɗan, a sa zoben ƙarfe a wuyan ƙota don kada ta tsage, wutsiyar kuma ta fito ta gindi a lanƙwasa ta ko a dake kanta. Kafin ka biya, riƙe ƙota ka buga bayan wuƙar a kan kututture. In ka ji ƙaras-ƙaras, ko wani motsi a tafinka, ajiye ta.

Na kamfani ma akwai nagari. Adda mai tambarin kada ta kamfanin Martindale na Ingila ta daɗe a Afirka ta Yamma, har ana ƙera ta a Gana, ga kuma Tramontina ta Barazil. Sai dai na jabu sun yi yawa, tambari kaɗai ba ya isa shaida. Kuma ko ta gaske ce, ƙotarta awo ɗaya aka yi wa duniya, sau da yawa da kusurwoyi. Ba laifi ba ne ka kai sabuwar adda wurin maƙeri ko masassaƙi ya rage mata. Mai ƙotar roba, a duba layin da ke tsakiya inda aka haɗa ta, a kankare shi. Roba mara nauyi mai rami a ciki ba ta jure ranarmu, tsagewa take. Mai mariƙin ƙarfe ko alminiyam kuwa, ajiye ta a rana cikin Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ga ko za ka iya ɗauka.

Na san da yawa za su ce, ai mu robar cikin tayar keke muke naɗawa. Tana taimako in ƙota ta yi siriri, kuma tana rage jijjiga. Amma tana riƙe gumi, tana jan fatar hannu, ga aikin yini guda tana kawo bororo, kuma tana ɓoye tsaga har sai ƙota ta rabu biyu a tsakiyar sara. In za a naɗa, a fara duba itacen, a yi naɗi ɗaya mai kyau ba tudu. Fata ta fi ta. Baduku zai jiƙa ta ya ɗinke a jiki, in ta bushe ta kama gam. Sai dai ga masunci, fata tana shan ruwa da ƙarni. Shi gara itace tsirara, a ɗan yi masa zane-zane marasa zurfi don riƙo.

Yanzu ina so in yi magana da iyayenmu mata, da mazan da ke saya musu kayan aiki. A 1998 hukumomin IFAD da FAO sun fitar da rahoton binciken da suka yi a ƙasashe biyar na Afirka, har da Burkina Faso da Senegal, a kan kayan noman da mata ke amfani da su. Abin da ya fito shi ne mata suna son kayan da suka fi sauƙin nauyi, amma masu ƙerawa ba kasafai suke tambayarsu ba. Haka abin yake a nan. Yarinya ta tafi itace da addar babanta, ƙota ta fi tafinta, nauyi ya fi wuyan hannunta, sai ta kama da hannu biyu tana sara tana rufe ido. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Inna, in za a ƙera miki adda, je da kanki, ko ki aika da awo: ki damƙi curin laka ko ɗanyen yumɓu, ki saki, a kai wa maƙeri ya ga girman riƙonki. Maigida, in kana da hali, ka yi wa iyalinka tasu daban, gajera mara nauyi. Ƙaramar adda da ake sarrafawa ta fi babba da ake jin tsoro yawan itace kafin la'asar. Yaron da bai kai ba kuwa, kada a ba shi kwata-kwata. Bahago kuma ya faɗa wa maƙeri tun farko ba kunya, don akwai wuƙaƙen da ake wasawa ta gefe ɗaya, in aka yi wa na dama, a hannun hagu gocewa za su riƙa yi.

Game da girman ruwan wuƙar, samari suna son doguwa, wadda za a gani a yaba. Tsawo yana ƙara nauyi a gaba, nauyin gaba yana da amfani ga sara, amma wuyan hannu ne ke biya. Miƙe hannunka da ita, ka riƙe ta a kwance ka ƙirga zuwa 30. In tsini ya fara sunkuyawa, ko wuyan hannu na rawa, ta fi ka. Addar shinge da share daji takan kai santimita 40 zuwa 55. Wuƙar zango, ta gyaran dirka da fasa ƙashi da sare ƙaramin reshe, 20 zuwa 30 ta isa. Fiɗa da kifi kuwa ba sa son abin da ya wuce tsawon tafi da yatsu. Wuƙa ɗaya ba za ta yi duk wannan da kyau ba. Can arewacin Turai, a ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan, akwai makiyaya da ake kira Sami, masu kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho. Suna ɗaukar babbar wuƙa mai ƙotar itace mai buɗaɗɗen gindi don sara, da ƙarama don yanka da fiɗa. Ƙasarsu ƙanƙara, tamu rairayi, amma aikin daji ya kai mu ga shawara ɗaya. Wuƙar damtse irin ta ƴan'uwanmu Tubawa kuwa, da kyakkyawan aikin fatarta, an yi ta ne don wata buƙata daban. Ƙotarta matsattsiya ce, kada a sa ta aikin adda.

Da Babbar Salla ta matso za ku ga wuƙaƙe sun cika kasuwa, masu ƙyalli, masu araha. Malamai suna tunatar da mu a wasa wuƙa a sauƙaƙa wa dabba. Ni kuma ina ƙarawa da cewa a gwada riƙon da jiƙaƙƙen hannu tun a gida, don ranar layya hannu ba ya bushewa.

In hunturu ya shigo, iska tana tsotse itace, ƙotar da ke gam da damina ta fara motsi. Abin da aka saba shi ne a jefa ta cikin ruwa ta kwana. Da safe za ta kama, amma in ta sake bushewa sai ta fi da sakewa, ga tsatsa ta shiga wutsiya. Gara a riƙa shafa mata man gyaɗa ko man kaɗe kaɗan-kaɗan, a bari ta sha, a goge saura. In ta riga ta saki, a koma wa maƙeri ya matse ƙusa ko ya sake ƙota. Masu huda gindi su sa igiya, tana da amfani a cikin kwalekwale don kada wuƙa ta faɗa ruwa. Amma wajen sara kada a zura hannu cikinta, don in adda ta suɓuce, igiyar za ta dawo maka da ita jiki.

Kube ma a yi shi tare da wuƙar, mai kauri, wanda ba ya sakin ta in an kife shi. Kuma ku tuna halin da jiharmu take ciki, hanyoyi da shingayen bincike. Babbar wuƙa ta yi tafiya cikin kubenta, a ɗaure tare da sauran kayan aiki, ba a ƙugu cikin kasuwa ko tasha ba. In jami'i ya tambaya, a faɗa masa tun kafin ya gani.

In kuma an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. In jini ya tsaya a wanke da ruwa mai kyau da sabulu. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko garin batir. Ƙwayar tetanos, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma garka da ruga cike suke da su. Akwai allurar rigakafinta a gidan likita, a je a tambaya ko da raunin ƙarami ne, musamman in mai zurfi ne irin na ƙaya ko tsini. In yatsa ya ƙi lanƙwasa bayan yanka, ko ya mutu ba ya jin taɓi, alama ce jijiya ta tsinke. Wannan ba na jira ba ne, a nufi asibiti a ranar, don ɗinkinta ya fi yiwuwa tun tana sabuwa.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar washi, da dutse da magagari, da yadda bakin adda ya bambanta da na wuƙar fiɗa. Allah ya tsare hannuwanku, ya ba ƙasarmu lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]